Idan gobara ta ci saba: yadda ake ajiye kwafin bayanai da farfaɗo da aiki bayan bala'i

Albashin ma'aikata, rajistar masu zaɓe, takardun filaye, sakamakon jarrabawa, lissafin kuɗin banki da fayilolin shari'a duk sun koma cikin kwamfuta, ko kuma suna kan hanyar komawa. Wannan ya sa lalacewar na'ura guda a yau tana iya tsayar da ma'aikata baki ɗaya, ta kuma shafe hujjar da za a bi sawun kuɗin jama'a da ita. Maganin da masana suka yi ittifaƙi a kansa kashi biyu ne. Na farko shi ne ajiye kwafin bayanai a wani wuri dabam. Na biyu, wanda aka fi sakaci da shi, shi ne tsarin da za a bi a maido da bayanan a tayar da aiki cikin lokacin da aka ƙayyade tun kafin bala'in ya auku.

Bala'i a wannan fage ba gobara da ambaliya kaɗai ba ne. Ya haɗa da mutuwar faifan ajiya, da wutar lantarki mai ƙarfi da ke ƙona kayan aiki, da sata, da kuskuren ma'aikaci, da ganganci daga na cikin gida, da kuma manhajar garkuwa da bayanai, wadda masu kutse ke kulle fayiloli da ita su nemi kuɗin fansa.

Abin da ya faru da Maersk

Babu labarin da malaman wannan fanni suka fi kawowa kamar na Maersk, kamfanin jigilar kwantena na ƙasar Denmark. A ranar 27 ga Yunin 2017 wata muguwar manhaja da aka laƙaba wa suna NotPetya ta bazu daga Ukraine ta hanyar M.E.Doc, manhajar lissafin haraji da kamfanonin ƙasar ke amfani da ita. Kwamfuta ɗaya ce a ofishin Maersk da ke birnin Odesa take ɗauke da manhajar, amma ta ishi cutar ƙofar shiga. Cikin ɗan lokaci allunan kwamfutocin kamfanin a nahiyoyi daban-daban suka koma baƙi, suna neman a biya dala 300 da kuɗin Bitcoin. Neman fansar yaudara ce kawai, domin an ƙera manhajar ne ta lalata bayanai yadda ba za a iya buɗe su ba ko an biya. Daga baya Amurka da Birtaniya suka ɗora alhakin harin a kan sojojin Rasha, ita kuwa Rasha ta musanta.

Tashoshin jiragen ruwa 17 daga cikin 76 na reshen kamfanin, APM Terminals, suka tsaya cik. Manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin ƙofofi, babu mai iya tantance wace kwantena ce ta wa.

Kamfanin ya tara ƙwararru a garin Maidenhead na Ingila domin sake gina komai. Sun tarar da kwafin kusan dukkan sabobinsu, wasu na kwana uku da suka wuce, wasu na mako guda. Abu ɗaya suka rasa, shi ne kwafin sabobin da ke riƙe da rajistar ma'aikata da iznin shiga, waɗanda ke tantance wane ne wane da abin da aka yarje masa ya taɓa. Maersk yana da irin waɗannan sabobi kimanin 150, kuma an tsara su ne kowace tana kwafar 'yar'uwarta, bisa tunanin cewa idan ɗaya ta mutu sauran za su cike gurbinta. Ba a yi tanadin ranar da za su mutu gaba ɗaya a lokaci guda ba. Ba tare da wannan rajista ba kuwa, sauran kwafin da aka ajiye tamkar gida ne cike da kaya amma babu makulli.

Ceto ya zo ne daga Afirka ta Yamma. A wani ofishin kamfanin an ɗauke wutar lantarki gab da harin, sabar da ke wurin ta kasance a kashe lokacin da cutar ke yawo, ta tsira da rajistar a cikinta. Binciken da ɗan jarida Andy Greenberg ya wallafa a mujallar Wired a 2018 ya ce a Ghana ofishin yake, kuma saboda intanet ɗin wurin ba shi da saurin da zai tura bayanan, ma'aikatan kuma ba su da bizar Birtaniya, sai wani ya ɗauki faifan zuwa Najeriya ya miƙa wa abokin aikinsa, shi kuma ya hau jirgi da shi zuwa Landan. Wasu manyan jami'an fasaha na kamfanin da suka yi magana a bainar jama'a daga baya sun ce a Legas ne sabar ta tsira. Duka riwayoyin biyu sun haɗu a kan cewa ɗauke wuta ce ta cece ta, ba wani shiri da aka yi ba.

Shugaban hukumar gudanarwar kamfanin na lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya shaida wa taron Davos a Janairun 2018 cewa sun sake ɗora sabobi 4,000 da kwamfutoci 45,000 da manhajoji 2,500 cikin kwana 10, kuma asarar ta kai tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. An ƙiyasta ɓarnar NotPetya a duniya baki ɗaya da kimanin dala biliyan 10.

Tambayoyi biyu da ake fara amsawa

Kafin a sayi faifai ko a biya kuɗin rumbun intanet, akwai ma'auni biyu da shugabannin ma'aikata ya kamata su yanke, ba injiniya shi kaɗai ba.

Na farko, wanda ake taƙaita sunansa da RPO, shi ne yawan aikin da za a iya jure rasawa. Ofishin da ke ɗaukar kwafi sau ɗaya kowane dare ya amince ke nan zai iya rasa aikin yini guda. Idan saba ta mutu da ƙarfe 4 na yamma, duk abin da aka shigar tun safe ya tafi. Ga shagon buga takardu wannan ba wani abu ba ne. Ga banki kuwa ko minti biyar ya yi yawa, saboda a cikinsa dubban mutane sun tura kuɗi.

Na biyu, RTO, shi ne tsawon lokacin da za a iya zama babu aiki kafin ɓarnar ta wuce misali. A nan ne lissafi ke kunyata masu alƙawari. Ma'aikatar da ta ajiye terabait 10 a rumbun intanet, layinta kuma yana jan megabit 100 a daƙiƙa, za ta shafe fiye da kwana 9 tana sauke bayanan, idan har layin bai yanke ko sau ɗaya ba. Wanda ya san halin intanet da lantarki a wannan yanki ya san sharaɗin nan da wuya ya cika. A ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, bankuna da kamfanoni a Najeriya da Ghana da Kodebuwa sun ɗanɗana kuɗarsu. Wanda kwafinsa kaɗai ke Turai a ranar, kwafin na nan lafiya amma hannunsa ba ya kai wa gare shi.

Duk lokacin da aka matse waɗannan ma'aunai biyu, kuɗin yana hauhawa. Shi ya sa ake jera ayyuka bisa muhimmanci: wanne ne dole ya tashi cikin awa ɗaya, wanne zai iya jiran mako.

Ire-iren kwafi

Cikakken kwafi yana ɗaukar komai daga farko zuwa ƙarshe. Ya fi sauƙin maidowa amma yana cin wuri da lokaci. Akwai kwafin ƙari, wanda ke ɗaukar abin da ya canza tun kwafin da ya gabace shi kawai. Yana da sauri, sai dai ranar maidowa dole a jera su duka bi da bi, kuma idan ɗaya ya lalace a tsakiya na bayansa sun shiga matsala. Na uku yana ɗaukar duk abin da ya canza tun cikakken kwafi na ƙarshe, don haka guda biyu kawai ake buƙata wurin maidowa.

Ga mai neman tashi da sauri, abin da ya fi muhimmanci shi ne bambanci tsakanin kwafin fayiloli da hoton na'ura. Kwafin fayiloli yana ceton takardu da hotuna, amma sai an sake ɗora Windows ko Linux, an girka manhajoji ɗaya bayan ɗaya, an saita kowace, aikin da kan ci kwanaki. Hoton na'ura kuwa yana ɗaukar faifan ne dungurungum, da tsarin aikinsa da manhajojinsa da saitinsa, a zuba shi a kan sabuwar na'ura ta tashi kamar yadda tsohuwar take. Manhajojin zamani suna ma iya kunna hoton kai tsaye daga wurin ajiya, ma'aikata su ci gaba da aiki cikin mintuna yayin da ake kwashe bayanan zuwa mazauninsu na dindindin.

Abubuwa biyu kan yaudari mutane. Ɗaya shi ne haɗa faifai da yawa a cikin saba guda, tsarin da ake kira RAID. Yana kare mutum daga mutuwar faifai ɗaya, amma idan an goge fayil ya goge a dukansu, idan gobara ta zo ta cinye su tare. Ɗayan shi ne manhajojin da ke daidaita fayiloli tsakanin kwamfuta da intanet, irin su Google Drive da OneDrive. Aikinsu shi ne su maimaita a can abin da ya faru a nan, har da gogewa da kullewar masu garkuwa. Abin da ke cetarwa a cikinsu shi ne tsofaffin nau'o'in fayil da suke riƙewa na ƙayyadadden lokaci, kuma da yawan masu amfani da su ba su taɓa duba tsawon wannan lokaci ba.

Uku, biyu, ɗaya

Ƙa'idar da ta fi shahara ana danganta ta ne ga wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh: a mallaki kwafi 3 na kowane bayani mai muhimmanci, a kan nau'in ma'ajiya 2 mabambanta, 1 daga ciki a wani wuri mai nisa.

Sharaɗin nisa shi ne aka fi karyawa. A daren 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa, ta taɓa na kusa da shi, miliyoyin shafukan intanet suka ɗauke. Wasu abokan cinikin sun biya kuɗin ajiyar kwafi, sai bayan gobarar suka gano cewa kwafin nasu yana cikin ginin da ya ƙone. A 2023 kotun kasuwanci ta Lille ta umarci kamfanin ya biya wasu daga cikinsu diyya. Nisan da ake nufi shi ne wanda bala'i ɗaya ba zai haɗa wuraren biyu ba. Ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar ruwa ta Alau a Satumban 2024 ta mamaye unguwanni da ofisoshi da yawa a Maiduguri a dare guda, don haka kwafin da ke ofishin maƙwabta a irin wannan rana bai cika sharaɗin ba.

Masu garkuwa da bayanai sun tilasta ƙarin sharaɗi. Yanzu idan suka shiga, sukan yi kwanaki ko makonni suna laluben inda kwafin yake, su lalata shi tukuna kafin su kulle sauran. Saboda haka ake so aƙalla kwafi ɗaya ya kasance a cire daga kowace hanyar sadarwa, ko kuma a rubuta shi ta yadda babu mai iya gogewa ko canza shi sai wa'adin da aka sa ya cika, ko da mai riƙe da babbar kalmar sirri ne. Wannan ne ya sa kaset ɗin maganaɗisu, wanda ake ganin tsohon yayi ne, bai bar manyan cibiyoyi ba. Kaset ɗaya na LTO-9 yana ɗaukar terabait 18, kuma idan yana cikin akwatin ƙarfe babu mai kutsen da zai kai gare shi daga wata ƙasa.

Kwafin da ba a gwada ba

A ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab, cikin dare kuma a gajiye, ya goge rumbun bayanan da ake aiki da shi a zaton na ajiya ne. Kafin ya ankara kusan gigabait 300 sun tafi. Kamfanin yana da hanyoyin ajiya guda biyar a rubuce, amma da aka juya gare su babu wadda ta yi aiki yadda aka zata. Ɗaya ta daɗe da daina aiki, saƙonnin gargaɗin da take turawa kuma ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su shi ne wani kwafi da injiniyan ya ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin kuskuren, don wani aiki dabam. Sun rasa aikin waɗannan awoyi shida, suka kuma wallafa cikakken bayanin abin da ya faru, abin da ba kasafai hukumomi ke yi ba.

Gwajin gaskiya shi ne a ɗauki na'ura fanko, a ba wa ma'aikacin da ba shi ya tsara ajiyar ba takardar matakai, a sa agogo. A irin wannan gwaji ne ake gano cewa kalmar sirrin buɗe kwafin tana cikin sabar da ta mutu, ko lasisin manhajar ya ƙare, ko lambobin wayar waɗanda za a kira suna cikin imel ɗin da ba ya buɗuwa. Shi ya sa ake buga tsarin a takarda a ajiye a waje.

Tsarin da kansa yana da jeri. Ana fara raba na'urorin da suka kamu da sauran, kuma idan kutse ne ba a goge su nan take, domin su ne shaidar da masu bincike za su duba. Sai a tayar da hanyar sadarwa da rajistar iznin shiga, darasin da Maersk ya saya da tsada. Bayan nan rumbunan bayanai, sannan manhajojin da suka dogara da su. Dole a tantance cewa kwafin da za a zuba ya girmi ranar da masu kutsen suka shiga, in ba haka ba an maido da ɓarawo tare da kayan. Manyan cibiyoyi kan tanadi wurin aiki na biyu: wani ɗaki ne kawai da wuta da layi, wani da na'urori a jere suna jiran a zuba musu bayanai, wani kuma yana aiki kafaɗa da kafaɗa da na farko, ya karɓi ragama cikin daƙiƙoƙi.

Biyan fansa ba ya gajarta wannan hanya. Kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ya biya kimanin dala miliyan 4.4 a Mayun 2021, amma makullin da aka ba shi ya yi jinkiri har ya ci gaba da dogaro da nasa kwafin. Hukumar lafiya ta Ireland, wadda aka kai wa hari a watan, ta samu makullin kyauta, duk da haka ta shafe kimanin wata huɗu tana gyara.

Lokacin da gwamnati ce ta yi sakaci

A Yunin 2024 masu garkuwa suka kulle cibiyar bayanan gwamnatin Indonesiya ta wucin gadi da ke Surabaya, suka nemi dala miliyan 8. Hukumomi sama da 200 abin ya shafa, layukan shige da fice suka cushe a filayen jiragen sama. A gaban majalisa shugaban hukumar tsaron intanet ta ƙasar ya ce kashi 98 cikin 100 na bayanan cibiyar ba su da kwafi. Ajiye kwafin zaɓi ne ba tilas ba, hukumomi da dama kuma suka kafa hujja da ƙarancin kasafi. Wani babban darakta a ma'aikatar sadarwa ya ajiye aiki.

Koriya ta Kudu, da ake buga misali da ita wajen mulki ta intanet, ta gamu da nata a ranar 26 ga Satumban 2025, lokacin da batir ya kama da wuta a cibiyar bayanan gwamnati da ke Daejeon. Ayyukan gwamnati sama da 600 suka tsaya. G-Drive, rumbun da ma'aikata ke ajiye takardun aiki, ya ƙone da kimanin terabait 858, kuma ba shi da kwafi a waje, bisa hujjar cewa ya yi girma da yawa.

Akwai waɗanda suka yi shiri. Estoniya, wadda ta sha hare-haren intanet a 2007, ta ƙulla yarjejeniya da Luxembourg a 2017 ta kafa abin da ta kira ofishin jakadancin bayanai, inda ake ajiye kwafin muhimman rajistocin ƙasa a ƙarƙashin kariya irin ta ofishin jakadanci. Majalisar Ukraine ta gyara dokarta a Fabrairun 2022, kwanaki kaɗan kafin mamayar Rasha, ta halatta fitar da bayanan gwamnati zuwa rumbunan intanet, aka kwashe su cikin makonnin farko na yaƙin.

A Najeriya batun yana da wata fuska ta daban, domin gobara a ofishin gwamnati kan zo da zargi. Lokacin da wuta ta tashi a ofishin Akanta Janar na Tarayya a Abuja a Afrilun 2020, tambayar farko da jama'a suka yi ita ce ko bayanan kuɗi sun tsira, hukumomi kuma suka ce cibiyar bayanan ba ta taɓu ba. A Oktoban shekarar, a tarzomar da ta biyo bayan zanga-zangar EndSARS, an ƙona Babbar Kotun Igbosere a Legas, fayilolin shari'u da yawa suka salwanta. Inda akwai kwafi a waje, kuma a hannun wanda ba shi ake bincika ba, ƙona ofis ba ya amfanar mai son ɓoye laifi da komai.

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yunin 2023, ta wajabta wa masu riƙe da bayanan mutane su ɗauki matakan kare su daga ɓata ko lalacewa, kuma Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, NDPC, ce ke sa ido. Kamfanin gwamnatin tarayya Galaxy Backbone, mai karɓar baƙuncin bayanan ma'aikatu da yawa, yana da cibiya a Abuja ya kuma gina wata a Kano. Samuwar gini dai ba ta nuna wace ma'aikata ce ke tura kwafinta can ba, ko yaushe ta gwada maido da shi.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa. Hukuma na iya ƙin bayyana takamaiman wurin da sabarta take bisa dalilin tsaro. Amma ranar da aka yi gwajin maidowa na ƙarshe, da awoyin da ya ɗauka, da adadin kuɗin da kasafin bara ya ware wa ajiyar kwafi, da sunan kamfanin da aka ba kwangilar, duk abubuwa ne da ake iya nema a rubuce.